Wanda Ya Durƙusa wa Mangwaro

Ranar Lahadi da hantsi aka buɗe ɗakin ajiya na makarantar Lukanda, aka tarar Kada ba ya nan. Kwaɗon ƙofa na rataye lafiya ƙalau, ba a fasa bango ba, ba a ɗaga rufi ba. Dorina tana kwance a kusurwarta da tulin sarƙarta. Wurin Kada kuwa sai tabon baƙin mai a kan buhu.

Kada da Dorina ba dabbobi ba ne. Injinan ja ne na hannu, irin waɗanda ake ɗaurewa a jikin bishiya a riƙa tura mariƙinsu gaba da baya har su janyo abin da ƙarti ashirin suka kasa motsawa. Wani ɗan kasuwa a birnin Mongu ne ya ba da su a gwada, a zaɓi ɗaya a mayar masa da ɗaya. Mai gajerar sarƙa, ga nauyi ga ƙarfi, ita aka sa wa suna Dorina. Mai doguwar igiyar waya, wanda haƙoransa na ciki in suka cafki waya ba sa saki, shi ne Kada. Gobe Litinin ce ranar gwaji.

Shekara huɗu ke nan da ambaliya ta kayar da itatuwa bakwai cikin hanyar ruwan da kakanni suka haƙa da hannu. Tafiyar awa ɗaya zuwa asibiti ta koma ta wuni guda. An kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya tashi, ya sake zama, ya ci kifi ya kora da kindirmo, itatuwa suna nan kwance suna tara yashi. Ba wanda ya ji kunya. Sai da Lubasi ya dawo daga ramukan haƙar tagulla, ya tafi Mongu da ƙafarsa ya zo da injina biyu, sannan kowa ya tuna yana da ra'ayi. Gari ya rabu biyu, 'yan Kada da 'yan Dorina, kuma rabin 'yan Dorina ba su taɓa ɗaga sarƙarta ba. Abin da suka sani kawai shi ne Lubasi ya ce Kada ya fi.

Siyanga, mai bin sawun shanun sata, yana cikin 'yan Dorina. Ya tsaya a bayan taro da hannu a ƙirji, yana kallon Lubasi, ɗan gwaggonsa, tsaye a bakin ƙofa da mabuɗi a hannu kamar wanda aka kama da wutsiyar saniya.

"Mabuɗi nawa ne?" in ji shugaban kwamiti Wamundila, wanda ake ce wa Bo Wamundila don girmamawa, da ƙarfi don na nesa su ji. "Ɗaya! Ni da kaina na danƙa masa a gaban jama'a. Jiya duk gari ya tafi jana'iza a tsallake. Ni ina kwance zazzaɓi yana sassaƙa ni. Wa ya rage da mabuɗi a aljihu? Ku gaya min, ni tsoho ne, ƙila lissafi ya ƙwace min."

"Wanda ya san darajar abu shi ya san inda ake sayar da shi," wani ya ce daga baya. Aka yi dariya mara daɗi.

Induna, mai garin, ya iso, kowa ya zube ƙasa ana tafin gaisuwa, yadda al'adar garin take. Bo Wamundila ya sauka a kan gwiwarsa ta dama, ya miƙe ƙafar hagu gefe guda, wadda ba ta lanƙwasuwa tun ranar da sa ya taka shi. Induna ya saurari kowa, ya ce gobe da safe za a zauna. In abin ya tabbata a kan Lubasi, to ƙasar nan ta dangin uwarsa ce, aro aka ba shi, sai ya kwashe ya nemi garin ubansa. Sannan ya juya.

"Siyanga, ka bi min sawun wannan ƙarfe."

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ba shi da kofato."

"Wanda ya ɗauke shi yana da ƙafa."

*

Da aka watse Siyanga ya durƙusa a bakin ɗakin. Taro ya tattake komai, ban da wani siririn wuri a jikin bango inda inuwa ta riƙe danshi. A nan ya ga sawu guda sarai: takalmin taya mai faci a diddige. Ya daɗe yana kallonsa. Nasa ne.

Ranar Juma'a da yamma ya zo nan shi kaɗai, ya leƙa ta tsagar ƙofa yana kallon Kada, yana son ya gane yadda abin yake aiki ba tare da ya tambayi kowa ba. Shekara talatin in ana maganar ruwa a Lukanda, ko ina ya yi zurfi, ko ta ina kwalekwale zai bi, ƙofarsa ake bugawa. Yanzu hatta yara in suna wasa, wannan ya ce shi ne Bo Lubasi, wancan ya ce shi ne itace. Ba wanda yake cewa shi ne Siyanga.

Ya sa tafin hannu ya share sawun.

*

Ya sami Lubasi a ƙofar bukkarsa yana naɗe wata doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli. Faratansa baƙi ƙirin da mai.

"Yaya, ka zo kama ni?"

"Na zo gaishe da manyan injiniyoyi. Jiya ina kake?"

"A ruwa."

"Kifi ma a ruwa yake. Wa ya gan ka?"

"Balbela biyu da wani kwaɗo." Lubasi ya ɗaga igiyar. "Awo na je yi. Daga kowane itace da ya faɗi zuwa bishiya mafi kusa da za a ɗaura inji a jikinta. Ka san fadamar nan, bishiya a tsaye ta fi mai gaskiya wuya. Mafi kusa taku goma sha biyu ce. Sarƙar Dorina taku huɗu. Sai dai mu roƙi itatuwan su matso."

Siyanga ya san haka. Ya sani tun ranar da ya ga sarƙar, domin ba taku ɗaya a bakin ruwan nan da bai sani ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne jin maganar daga bakin yaron da ya taɓa goya wa baya a tsallake rafi.

"Wannan man na hannunka fa?"

"Tun ranar Alhamis da na shafa wa wayar. Ba ya fita da sabulu, Yaya. Duk abin da wayar nan ta taɓa sai ta bar masa shaida." Muryarsa ta sauka. "Uwata tana kwance a ƙasar nan. In suka kore ni, wa zai share mata kabari?"

"Da ka tuna da haka kafin ka zo kana koya wa iyayenka tuƙin kwalekwale."

Siyanga ya tafi yana jin daɗin maganar, kuma daɗin bai kai shi bakin ruwa ba ya koma ɗaci.

*

Mutum na biyu da gari ya nuna da baki ita ce Chilombo, mai sayen busasshen kifi, baƙuwa daga arewa. An ga kwalekwalenta jiya ya nutse har baki don nauyin kaya. A Lukanda in abu ya ɓata, baƙo ake fara dubawa, don ya fi sauƙi a kan duba ɗan'uwa.

Ta zazzage buhunanta shida a gabansa tun kafin ya buɗe baki.

"Duba, Bo mai sawu! Duba da kyau, ƙila injin ya shiga cikin wannan tarwaɗar. Ni me zan yi da ƙarfe? In janyo miji da shi? Na garinku ko da inji ba sa tashi daga inuwa."

"Yi haƙuri, uwar kasuwa. Ta ina kika bi jiya?"

"Ta ina zan bi, tunda kun bar hanya ta zama makabartar itatuwa? Ta bayan tsohon tudu na zagaya, kuma ba zan sake ba ko kifin kyauta ne."

"Me ya faru?"

Ta rage murya. "Rana tsaka, ba kowa, ba kwalekwale a gefen da na bi. Sai na ji tafi. Tafin gaisuwa, a hankali, irin wanda kuke yi wa manya. Daga tudun da ba mai rai a kansa. Ban san ina da ƙarfi haka ba sai da na ga yadda na tuƙa."

"Tsuntsu ne."

"To tsuntsun garinku ya fi mazan garinku ladabi."

*

Ruwa ba ya riƙe sawu, haka mutanen tudu suke cewa. Siyanga ya tura kwalekwalensa daga mashigin makaranta yana tsaye, idonsa a kan ganyen bado. Inda jirgi ya ratsa, ganye kan kife ya nuna jan cikinsa, ya kwana biyu bai juyo ba. Hanyoyi uku suka fita daga mashigin. Ta farko mai faɗi ce, ta 'yan jana'iza. Ta biyu ta bi gefen hanyar ruwa tana tsayawa tana tashi, wannan mai awo ne. Ta uku siririya, ta kutsa cikin kyauro.

A kan kyauron, daidai tsayin gefen kwalekwale, ya ga ɗan baƙin zane. Ya shafa da yatsa ya shinshina. Taku goma gaba, ga wani. Bakin wayar ya leƙo daga jirgin yana shafar ciyawa, yana rubuta hanya kamar ɗan makaranta da gawayi. Lubasi ne ya faɗa masa abin da zai nema, kuma wannan ma ya ƙara masa haushi.

Zanen ya kai shi tsohon tudu.

Tun kafin a haifi Siyanga mutane suka tashi daga nan, suka bar kaburbura da bishiyar mangwaro guda ɗaya, babba, mai inuwa kamar rumfar kasuwa. A gabanta, cikin ruwa, ɗaya daga itatuwan bakwai yake kwance. Amma ba inda yake kwance shekara huɗu ba. A cikin laka ga wani kwari mai faɗi, tsawon mutum biyu, inda aka janyo gungumen zuwa gaɓa, sannan ya sulale ya koma rabi. Siyanga ya zura sandar tuƙinsa cikin ruwan yana lalube. A karo na biyar ta bugi ƙarfe.

Ya zauna a bakin gaɓa ya karanta abin da ya faru. Wani ya ɗaura Kada a jikin mangwaro da igiya, ya maƙala ƙugiya a gungume, ya ja. Da ya gaji ya so ya kwance, Kada ya ƙi sakin waya. Ga inda ya zagaya yana dukan ƙasa, ga inda ya ɗauko gatari ya sare igiyar. Gungume ya koma ruwa, ya tafi da inji.

Wannan bai wanke kowa ba. Za a ce Lubasi ne ya ɓoye shi a nan don ya dawo ya ɗauka. Siyanga ya miƙe ya je wurin bishiyar, ya shafa jikinta yana neman inda igiya ta ci ɓawo. Babu. Nauyin da ya janyo gungume ya kamata ya yanka ta har fari ya fito. Sai da ya matsa ido ya ga tambarin saƙar tabarma a jikin ɓawon, da ɓurɓushin kaba a ƙasa. An naɗe gindin da tabarma ninki-ninki kafin a ɗaura igiya.

Ɓarawo mai sauri, a tudun da ba kowa, ya tsaya yana tausayin bishiya?

Ya zagaya ta ɗaya gefen, gefen da ba aikin komai, inda wani tsohon kabari ya kwanta a inuwa. A nan yashi yana da laushi, ba wanda ya taka. Sawu ɗaya ne kawai: rami zagayayye na gwiwa guda, da dogon layi a gefen hagu inda diddige ya ja ƙasa.

Ba tsuntsu Chilombo ta ji ba.

*

A hanyar gida Bo Wamundila ya tare shi daga ƙarƙashin rumfarsa, lulluɓe da bargo cikin zafin rana.

"Ɗan'uwa, zo ka sha kindirmo. Ka samu wani abu?"

"Ruwa ne, Bo Wamundila. Ruwa ba ya riƙe sawu."

Tsohon ya saki numfashi. "Haka ne. Kar ka wahalar da kanka. Ni da kai mun san garin nan tun ba a haifi wasu ba. In an gama da wannan rigima, aikin hanyar ruwa hannunka zan sa shi. Kai ne ka san ruwa, ba mai warin man inji ba. Mutum ya yi shekara goma a rami kamar gafiya, ya fito yana nuna mana rana!"

Maganar ta shiga Siyanga kamar ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishi. Wata shida yana jiran wani ya faɗe ta. Ya sha kindirmon har ƙasan ƙwarya.

A gida matarsa Namatama tana tuƙa tuwon masara. Ba ta ɗago ba.

"Baban Monde, an ce za su kori Bo Lubasi."

"An ce."

"Mutumin da ya gyara min injin niƙa bai karɓi ko ƙwai ba. Bo Lubasi ya ce in hanya ta buɗe, shinkafarmu za ta kai Mongu kafin..."

"Bo Lubasi ya ce, Bo Lubasi ya ce! A gidan nan ko zakara ya yi cara sai an ce Bo Lubasi ne ya koya masa. In kin ga dama ki kai masa tuwon."

Ta ajiye muciya ta dube shi sosai. "Shekara ashirin da shida ina ganin dawowarka daga bin sawu. In ba ka samu ba, kana shigowa da surutu, ka zagi ruwa, ka zagi shanu. In ka samu, shiru kake yi kana kallon ƙafarka. Tun da ka shigo kake kallon ƙafarka."

Ya janye ƙafarsa da sauri.

"Bara da Monde ta zo haihuwa, wa ya tuƙa ta wuni guda cikin ciyawa yana kuka kamar yaro? Ni dai na ga mutumin, mijina ne. Ban sani ba ko kai ka gan shi." Ta ɗauki muciyarta. "Wanke hannu, tuwo zai huce."

Ya ci, bai ji ɗanɗanon komai ba. Abin da ya fi damunsa ba maganarta ba ce. Ya gane dalilin tsohon tun a gindin bishiya, ba tare da ya yi tunani ba, kuma ya san inda ya samo wannan ganewa: a tsagar ƙofar ɗakin ajiya, ranar Juma'a da yamma.

*

Litinin da sassafe, kafin kowa ya zo, Siyanga ya karɓi tsintsiya daga hannun matar induna ya share filin da ke gaban kujerar mai gari, ya yayyafa ruwa, ya daidaita yashin da tafin hannu. Matar ta tsaya tana kallonsa.

"Yau kuma mai bin sawu ne ya zama amarya?"

"Ranka ya daɗe," ya ce wa induna, "ina roƙon waɗanda ba su je jana'iza ba su zo su gaishe ka ɗaya bayan ɗaya, kowa a wurinsa dabam. Kar kowa ya taka wurin wani."

Gari ya cika fili. Chilombo ta fara zuwa, ta zube ta tafa tana gunaguni. Lubasi ya biyo, idonsa ja, ya sauka a kan gwiwa biyu. Sannan Bo Wamundila, da bargonsa, ya sauka yadda ya saba, ya tafa a hankali cikin nutsuwa, tafin mutumin da ya san ladabi.

Chilombo ta ɗaga kai da sauri kamar wadda ta taɓa jin wannan tafin.

"Kada yana ƙarƙashin ruwa a gaban tsohon tudu," in ji Siyanga. Fili ya ɗauki hayaniya.

"Kun ji ko!" Bo Wamundila ya ɗaga sanda. "A tudun kakannina ya ɓoye kayan sata! Bai ji kunyar matattu ba!"

"Wanda ya kai shi ya ji kunyarsu ƙwarai," in ji Siyanga. "Lubasi, mangwaron tudun nan wa ya shuka shi?"

"Ban sani ba, Yaya. Na ɗauka tsiro ne."

Tsofaffi suka yi tsaki. Wata tsohuwa ta ce, "Ji ɗan birni! Wa bai san Bo Wamundila ne ya shuka shi a kan kabarin ubansa ba?"

"Wanda ya ɗaura inji a jikin bishiyar," in ji Siyanga, "sai da ya naɗe ta da tabarma don kar igiya ta ji mata ciwo. Kafin nan sai da ya zagaya wurin kabari ya durƙusa ya tafa, ya nemi izinin mai wurin. Baƙuwar nan ta ji tafin, na ce mata tsuntsu ne. Ɓarawo ba ya gaishe da uban wani. Ranka ya daɗe, sawun yana can, na kife masa ƙwarya, a aika a duba. Ga kuma guda uku a gabanka." Ya nuna yashin da sandarsa. "Gwiwa biyu. Gwiwa biyu. Wannan kuwa gwiwa ɗaya, da layin diddige a hagu. Shi ne na gindin mangwaro."

Bo Wamundila ya kalli yashin, ya kalli ƙafarsa, kamar yau ya fara ganinta.

"Mabuɗi biyu ne," ya ce a ƙarshe, da muryar da ba ta kai bayan fili ba. "Kwaɗon da biyu ya zo."

"Me za ka yi da injin?" in ji induna.

"Ba sayarwa zan yi ba. Na rantse da wanda ke kwance a tudun." Bargon ya zame daga kafaɗarsa. "Yau za a taru, mata da yara, yaron nan ya tsaya a tsakiya ya ce, Bo shugaba, kama nan, a'a ba haka ba, tura can. Ni da na yi shekara huɗu a kujera. Na ce bari in koya ni kaɗai, in an zo gwaji in kama mariƙin kamar a hannuna aka haife shi. Ya ja, wallahi ya ja. Sai ya ƙi saki."

"Shi ya sa ka ce a kore ni?" in ji Lubasi. "Daga kabarin uwata? Kai da ka naɗe bishiyar ubanka da tabarma?"



Aka fara ihu, waɗanda jiya suka fi kowa zagin Lubasi su ne yau suka fi kowa ɗaga murya a kan tsohon. Haka Lukanda take, ba ta rasa wanda za ta jefa, itace ne kawai ba ta iya ɗagawa. Induna ya ɗaga hannu. Ya ce kujera ta bar hannun Wamundila daga yau, kuma zai durƙusa wa Lubasi a gaban jama'a da wannan gwiwa ɗayar da ta tona shi. Sauran magana sai an fito da ƙarfen mutane daga ruwa.

*

Kwalekwale goma sha ɗaya suka tafi tsohon tudu. Lubasi ya tuɓe riga ya nutse, ya ɗaura igiya, aka janyo Kada yana zubar da laka, wayar tana nan cikin haƙoransa. Ya wanke shi, ya girgiza mariƙin, ya ce ba abin da ya same shi.

"To gwaji fa?" wani ɗan Dorina ya tambaya. "Ai ba a gwada Dorina ba."

Siyanga ya ji bakinsa ya buɗe kafin ya shirya. "Wane gwaji kuma? Ku dubi kwarin nan a laka. Tsoho ɗaya mai ƙafa ɗaya da rabi ya janyo gungumen da mu ashirin muka kasa motsawa bara. Daga bishiya zuwa ruwa taku goma sha huɗu ne. Ku kawo Dorina ku miƙa sarƙarta, in ta kai rabi ni zan haɗiye sauran. Yaron nan ya faɗa mana tun farko, muka toshe kunne don shi ya faɗa."

Ba wanda ya je ɗauko Dorina.

Lubasi ya sake naɗe gindin mangwaron da tabarma, ya ɗaura, ya kama mariƙi. Waya ta miƙe ta yi ƙara. Gungumen ya yi nishi, ya ɗago baƙin bayansa daga ruwa, ya fara hawa gaɓa taƙi-taƙi. Mata suka saki guɗa. Aka fara waƙa nan take, kuma sunan da ke cikinta na Lubasi ne. Siyanga ya hango Namatama a tsakiyarsu tana tafi fiye da kowa. Ba wanda ya waiwayi mai bin sawu. Ya ji kishin nan ya sake cafke shi a ƙirji, da haƙoransa duka, kamar bai taɓa saki ba.

Sannan ya ratsa taron, ya tsaya a gaban ɗan gwaggonsa, inda kowa zai gani.

"Kai, gafiyar rami. Nuna min yadda ake sa shi ya saki."

Lubasi ya share gumi. "A gaban mutane, Yaya?"

"A gaban mutane. Na gwada leƙe ta tsagar ƙofa, ba ya koyuwa."

Lubasi ya dube shi, bai tambayi wace ƙofa ba. Ya kama hannunsa ya ɗora a kan wani ƙaramin mariƙi da ke gefe.

"Ba a fizgar sa, Yaya. In kana ja yana ƙara cizo, nan tsohon ya kuskure. Sai ka koma baya tukuna, kaɗan-kaɗan, har nauyin ya sauka daga kansa. A'a, ba haka ba. Tura can."

Wasu yara suka yi dariya. Siyanga ya ji dariyar har tafin ƙafarsa, bai cire hannu ba. Ya tura can. Wayar ta sassauta, ta kwanta a kan yashi, wani abu ya yi ƙas a cikin ƙarfen, Kada ya buɗe baki.

"Saura shida," in ji Namatama daga bayansa. "In kun gama soyayya, hanya tana jira."